Allo Uku, Suna Ɗaya

Litinin, da hantsi

Yau ma ko zama ban yi ba Dogo, ɗaya daga cikin masu shigar da bayanai, ya leƙo ɗakina, wai na'urarsa ta ƙi shi. Haka suke faɗa, ta ƙi ni, sai ka ce budurwa. Na bi shi zauren shigar da bayanai na tarar da mutum huɗu a tsaye sun harɗe hannu a ƙirji, kowa yana kallona kamar ni na kwance musu wani abu da gangan. Ko sannu da zuwa babu wanda ya ce min.

Bari in rubuta yadda abin yake ko na huce. A kamfanin nan namu na rarraba kaya babu mai kwamfutar kansa. Allo ne da madannai da ɗan ƙaramin akwati a kan kowane tebur, aikin gaske kuwa yana gudana ne cikin manyan injuna biyu da ke ɗakina mai sanyi, saba ta ɗaya da saba ta biyu. Kowane ma'aikaci yana da furofayil, ni dai jaka nake ce musu don su gane: takardunsa, tsarin allonsa, duk tarkacensa. Jakunkunan suna ajiye a rumbu ɗaya. Ka zauna a teburin da ka ga dama, ka sa sunanka da lambar sirrinka, saba ta ɗauko maka jakarka. Ka fita, ta mayar da ita. Ni na tsara abin nan da hannuna, kuma da yana tafiya lafiya lau.

Sai kwanan nan jakunkuna suka fara ƙin zuwa. Mutum ya shiga, allo ya yi ta juyi, can ya ce ba a samu furofayil ba, ko kuma ya miƙo masa jakar aro, fanko. Duk takardun kayan da ya shigar cikin jakar aro, yana fita sun bi iska. Na faɗa da baki, na liƙa a bango: in kun ga allo fanko ku dakata ku kira ni. Amma ina, sai sun ɓata aikin yini guda sannan su tuna akwai Injiniya a gidan.

Litinin, bayan la'asar

Manaja ya kira ni. Fankar ofishinsa shi kaɗai take kallo, ni ina tsaye ina gumi. Bai ɗago kai ba ya ce, "Injiniya, motoci biyu sun kwana ba su fita ba saboda takardunsu sun ɓace a na'urarki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba tawa ba ce, ta kamfani ce."

"Ƙarshen wata," in ji shi. "Ki kawo min gyara, ki kawo min sunan wanda ya jawo. In babu suna, to na ɗauka naki ne, kuma kin san hanyar ƙofa."

Na fito ina ji kamar in fashe. A matakala na haɗu da Gwaggo, yayar babana, wadda ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata. Ita ce mafi daɗewa a zauren, teburin bakin taga nata ne tun kafin in iya karatu, kuma ita ta kawo ni kamfanin nan ta ce su gwada ni. Tana riƙe da ƙarfen matakala tana sauka a hankali. Na gaishe ta, ta ce, "Au, ke ce, 'yar nan? Ki yi ta haƙuri da su, kin ji." Ban gaya mata zancen ƙarshen wata ba.

Talata, da azahar

Na duba rumbu ko ya cika, akwai wuri har da ragi. Na bi izinin jakunkunan ɗaya bayan ɗaya har idona ya yi ja. Na canja wayar da ta haɗa saba ta biyu da rumbu, na daidaita agogon injunan, na dakatar da manhajar tsaro na ɗan lokaci ko ita ce take riƙe fayil. Babu abin da ya canja. Maman Biyu, wata ma'aikaciyar zauren, ta shiga lafiya da safe, ta fita shan shayi, ta dawo na'ura ta ce ba ta san ta ba.

Abin da ya fi ci min rai shawara. Kowa ya zama gwani. Mai gadi ya ce zafi ne. Wani direba ya ce in kashe in kunna, haka yake yi wa wayarsa. Maigidana ma jiya cewa ya yi ko ya kira min abokinsa mai gyaran rediyo. Kallonsa kawai na yi, ya ɗauki yaronmu ya fita.

Laraba, da safe

Kusan rabin zauren na'ura ta ƙi yau. Duk wanda ya sake ce min kashe ki kunna zai ji abin da bai taɓa ji ba.

Alhamis, bayan azahar

Na kama bakin zaren. Saƙon da saba take bari duk lokacin da ta kasa iri ɗaya ne: jakar tana hannun wani. Wato ba ɓata ta yi ba, ba lalacewa ta yi ba, riƙe ta aka yi. Jaka kuwa ba ta zama a saba biyu lokaci guda. In ta ɗaya ta riƙe, ta biyu sai ta ba da aro.

Na ɗauka ba sa fita ne yadda ya kamata, suna kashe allo su yi tafiyarsu su bar sunansu a ciki. Na shiga zauren na wanke su tas. Sai Dogo, wanda bakinsa ba ya shiru, ya ce, "Ai mu ma muna taimaka miki, Injiniya. Duk wanda ta ƙi, na kusa da shi sai ya ba shi lambarsa ya shiga da ita."

Na ce, "Ka ce me?"

"To ya za a yi? Ɗan'uwanka yana tsaye ga aiki jibge, ka ce ba za ka ba shi ba? Haba, Injiniya."

Wallahi sai da na dafa tebur. Ashe da hannunsu suke raba cutar. Wannan ya ara wa wancan, mai suna yana saba ta ɗaya, mai aro ya faɗa ta biyu, ɗayansu ya samu fanko, shi ma ya juya ya ari na wani. A dokar kamfani bayar da lambar sirri laifin kora ne, mai bayarwa da mai karɓa, kowa ya sa hannu a kan haka ranar da aka ɗauke shi. Su kuwa a wurinsu zumunci ne, kamar aron cajar waya. Na ce daga yau duk wanda ya sake, da ƙafata zan kai sunansa sama wurin Manaja. Suka shiga satar kallon juna. Gwaggo ba ta ko juyo ba.

Juma'a, da yamma

Ba su daina ba, na sani. Amma akwai abin da ya tsaya min a rai: kullum da safe sunan da yake fara faɗuwa na Gwaggo ne, sauran daga baya suke biyowa. Na ce ƙila jakarta ce ta tsufa, shekara da shekaru ana zuba mata kaya. Jiya bayan an tashi na sabunta ta, na mayar mata da takardunta duka, sai dai na manta da hoton da ke fuskar allonta, na jikokinta biyu, marayun ɗanta da take riƙo. Yau na tuna, na je da sauri in mayar kafin ta yi min faɗa, don Gwaggo ko biro ka matsar mata sai ta bi ba'asi. Ashe ta yini gaban allo shuɗi fayau ba ta ce uffan ba.

Na mayar da hoton. Ba na son in yi tunani a kai.

Lahadi, da rana

Na yi wanki, na ƙona girki, na yi wa yaro tsawa ba da laifinsa ba.

Talata, da hantsi

Wannan kam sai na rubuta shi.

Na shiga zauren ta ƙofar baya neman wata waya, babu wanda ya ji shigowata. Sunan wanda ya shiga na'ura yana fitowa a kusurwar allo ta sama, ni na sa shi haka. Allon Dogo, sunan Gwaggo. Allon Maman Biyu, sunan Gwaggo. Na ƙarasa bakin taga. Gwaggo tana zaune a miƙe kamar kullum, takardun kaya a gefenta, yatsunta goma suna gudu a kan madannai, irin bugun da ta koya min ina ƙarama. A allonta kuwa babu komai sai akwatin saƙo mai cewa ba a samu furofayil ba. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake wurin. Tana ta bugawa, ta juya takarda, ta ci gaba.

Na tsaya a bayanta har Dogo ya hango ni ya miƙe zumbur. Na juya na fita.

Talata, bayan azahar

Na tare Maman Biyu a bakin famfo bayan gini. Da farko ta so ta yi min kwana-kwana. Na ce ko ta gaya min ko in hau sama yanzun nan. Sai ta fashe da kuka, abin da ya ƙara ba ni haushi, don ni ya kamata in yi kukan.

Wai tun bara idon Gwaggo ya fara dushewa, kaɗan-kaɗan. Likita ya ce aiki za a yi, an sa ta a layi, sai nan da wata biyu zai zo kanta. Manaja kuwa kullum da yamma yana duba yawan takardun da kowane suna ya shigar, wanda ya yi ƙasa sosai ya sallame shi, ba ya sauraron dalili. Shi ne ita da Dogo suke shiga da sunan Gwaggo da safe su cika mata nata, sannan su koma nasu.

"Kuma lafiya lau muke yi, Injiniya," in ji ta tana share hanci. "Ba a taɓa samun matsala ba sai da kika kawo sabon injin nan."

Sabon injin nan. Saba ta biyu. Ni na yi wata da watanni ina bin Manaja ya saya saboda ta ɗaya ta gaji, ranar da aka kunna ta har hoto na ɗauka. Lokacin da saba ɗaya ce, ko mutum uku sun shiga da suna ɗaya jakar tana wuri guda, babu rigima. Da na raba su biyu ne abin ya fara tsagewa, kuma daga sunan Gwaggo ya bazu ga kowa.

Na ce, "Me ya hana ku gaya min? Gwaggona ce fa."

Ta ce, "Ita ta hana. Cewa ta yi kowa ya sani ban da ke."

Kowa ya sani ban da ni. Mai gadi ya sani, shi yake tare mata mota da yamma. Ni da nake zuwa gidanta duk ƙarshen mako ina cin abincinta ina wasa da jikokinta, ni ce bare. Wata uku ke nan tana cewa in karanta mata saƙon waya wai ta bar tabarau a ɗaki, ni kuma sakarai ina karantawa.

Laraba, da safe

Ban gaishe da kowa ba, kuma ban amsa gaisuwar kowa ba.

Alhamis, da la'asar

Na ɗaure sunan Gwaggo a saba ta ɗaya kaɗai, ko daga wane tebur aka shiga da shi. Na yi ina zagin kaina, don yanzu hannuna ya shiga dumu-dumu. Sunanta ya daina faɗuwa. Na ce wa Dogo da Maman Biyu su ci gaba da nasu, amma sauran zauren su daina aro. Dogo ya rantse min da girman Allah zai tsawatar.

Kafin azahar mutum uku sun faɗi. Wani ya makara ya bugo waya a shigar masa don kada a ga ya yi latti, wata ta manta lambarta ta ari ta ƙawarta. Ba mugunta ba ce, na sani, abin ne ya zame musu jiki. Da mugunta ce da na fi jin daɗi, da na san wanda zan ci wa kwala.

Maganin na san shi tun ranar Talata. A kulle kowane suna da teburinsa, suna ɗaya, tebur ɗaya, aro ya mutu. Aikin minti biyu ne. Zan iya ware sunan Gwaggo daga kullen, amma duk wanda ya buɗe wurin zai ga suna guda tilo a gefe, kuma zai tambaya. Na buɗe wurin yau, na kalle shi, na rufe.

Juma'a, da hantsi

Takardar gargaɗi, ta farko a rayuwata. Manaja ya turo min ita da bakin biro kamar abin ƙyama. Wata mota ta sake kwana, mai shago ya kai ƙara babban ofis.

"Za su turo ƙwararre ranar Laraba," in ji shi. "In Litinin da Talata sun wuce lafiya, zan ce kada ya wahalar da kansa. In ba haka ba, duk abin da ya gani zai rubuta, ni kuma in sa hannu."

Na san abin da zai gani kafin shayinsa ya huce: suna ɗaya a tebur uku, da ɗaurin da na yi da hannuna don in rufe. Mu huɗu ke nan za mu bi ƙofa, ni da Gwaggo da Dogo da Maman Biyu.

Asabar, da la'asar

Na je gidan Gwaggo. Na tarar da ita a kan tabarma a barandar ɗakinta tana linke kayan makarantar yara. Sai da na yi sallama sau biyu ta ce, "Shigo mana, 'yar nan, ai na gan ki tun daga ƙofa." Raina ya ɓaci nan take, amma na durƙusa na gaishe ta yadda ta koya min.

Na ce, "Gwaggo, na san abin da Dogo da Maman Biyu suke yi."

Hannunta bai tsaya ba. "Me suke yi?"

"Gwaggo, don Allah. Idonki."

"Idona ƙalau. Aikinki wayoyi ne, ki tsaya a kan wayoyinki."

Na gaya mata komai, ƙarshen wata, takardar gargaɗi, ƙwararren da zai zo. Na ce mu je wurin Manaja tare mu nemi hutun rashin lafiya, ko a sauya mata aiki zuwa amsa waya. Ta yi wata 'yar dariya. Ta ce ta ga mutum nawa suka shiga ofishin nan neman hutu, ta kuma ga wanda aka zaunar a kujerunsu kafin su dawo.

Na ce, "To ni fa? Korata za a yi."

Ta ajiye rigar da ke hannunta. "Ke yarinya ce. Kina da takardu, kina da miji. Ni in na sauka daga kujerar nan, waɗannan biyun su kalli wa?" Sannan ta ce, "Tunda na ɗauke ki kina tsumma ban taɓa roƙonki komai ba. Yau ma ban roƙa ba."

Wannan ce maganar da ta ƙona ni. Ba ta roƙa ba! Ta ɗora min dutse a ka ta ce ba ta roƙa ba. Na so in ce mata mijin da take faɗa aikinsa yau akwai gobe babu, na so in ce ni ma ina da ɗa. Ban faɗa ba, don ba a yi min tarbiyyar mayar mata da magana ba, kuma ita ta yi tarbiyyar. Da zan tafi ta ƙulla min abinci a leda in kai wa yaro, na karɓa da hannu biyu na yi godiya. A hanya na yi ta kuka kamar wata mahaukaciya, na haushi, ba na tausayi ba.

Lahadi, da hantsi

Na tambayi maigidana. Ya daɗe yana sosa ƙeya, ya ce shi dai ba zai sa baki tsakanin 'ya da uwa ba. Madalla da shi. Kowa yana da inda zai fake sai ni.

Lahadi, da yamma

Mai gadi ya buɗe min ofis. Na kwance ɗaurin da na yi wa sunanta. Na kulle kowane suna da teburinsa, babu wanda na ware.

Litinin, bayan azahar

Kowa ya shiga. Babu allo fanko ko ɗaya, jakunkuna suna zuwa suna komawa kamar ba su taɓa gardama ba.

Ina tsaye a ƙofar zauren lokacin da Dogo ya sa sunan Gwaggo a teburinsa. Na'ura ta ce wannan suna ba na teburin nan ba ne. Ya sake gwadawa. Ya ɗago ya kalle ni, na kalle shi, shi ya fara kawar da kai. Lokacin shayi Maman Biyu ta lallaɓa ta zauna a kujerar Gwaggo ta fara bugawa da sauri, sai ga Manaja yana zagaye. Ya ce, "Teburinki ya ƙone ne?" Ta tashi sumui-sumui.

Na rubuta masa bayanin da ya nema: tsari ne ya bar suna ɗaya ya shiga a wuri biyu, an toshe. Ban sa sunan kowa ba. Ya karanta ya ce, "Ka ji aiki, Injiniya." Tunda motocinsa sun fita, ya manta da neman mai laifi.

Laraba, da safe

Ƙwararre bai zo ba, an ce kada ya zo.

Babu mai yi min magana. Dogo mai surutun nan in ya gan ni sai ya sha mur ya matsa gefe, kamar na ɗauko wani abu mai wari. Na so in tsaya tsakiyar zauren in ce musu ku munafukai, ni na hana a kore ku, da aronku na banza kuka jawo wannan, da kun iya riƙe lambarku mako biyu kacal da yanzu tana zaune lafiya. Gaskiya ne kuwa. Amma ranar Lahadi da na sa hannu a madannai ba Dogo na tuna ba, ba Maman Biyu ba. Kaina na tuna.

Alhamis, da la'asar

Tana zuwa da wuri, tana zama a miƙe, tana bugawa. Maman Biyu ce take shigar da ita da safe ta koma teburinta. Daga nan Gwaggo sai ta kai takarda dab da hancinta ta yi ta ƙoƙari, abin da ta shigar yini guda bai kai na awa ɗaya ba, rabinsa kuma kuskure. Na gaishe ta a matakala ta amsa kamar kullum, har ta tambayi yaro. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Juma'a

Ba komai.

Talata, da yamma

Manaja ya kira ta bayan azahar. Ƙofarsa a buɗe take, duk zauren ya ji. Ya miƙa mata takardar kaya ya ce, "Hajiya, karanta min lambar motar nan." Shiru. Ya ce, "To sunan shagon." Shiru. Daga nan ya tashi ya rufe ƙofa, wannan kaɗai zan yaba masa.

Ba ta daɗe ba ta fito. Ta koma teburinta tana shafa gefen tebura da hannu, a fili, ba ta ɓoyewa. Ta tattara filas ɗinta da kofi da dardumar salla ta zuba a leda. Babu mai bugawa a zauren, kowa ya sunkuyar da kai. Ina tsaye a bakin ƙofa na kasa shiga na kasa komawa.

Sai ta ɗaga murya ta ce, "'Yar nan tana nan?"

Na ce, "Ga ni, Gwaggo."

"Zo ki fitar da ni daga na'urar nan. Ba na ganin wurin."

Na je. Na sunkuya ta gefen kafaɗarta na danna. Allo ya ce ana mayar da furofayil, ya gama, ya koma wurin sa suna. Ko kuskure ɗaya bai nuna ba.

Na ɗauki ledar na bi ta. A matakala na kai hannu zan riƙe ta, ta ce bar shi, ta san su. Na bi ta a baya tana laluben kowace da ƙafa har ƙasa. Mai gadi ya riga ya tare mota. Ta karɓi ledarta, ta gyara mayafi, ta juyo wajen da take jin numfashina.

Na ce, "Gwaggo, bari in raka ki gida."

Ta ce, "A'a. Koma bakin aikinki, kada a neme ki a rasa."

Motar ta tashi. Na daɗe tsaye a bakin ƙofa ina neman wanda zan zaga, ban samu ba. Na hau sama na koma bakin aikina, tunda shi na zaɓa.